Alcobaça ko Batalha: wanne mai yini ɗaya zai ziyarta, kuma me zai duba a kaburburan sarakunan?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Lisbon, kuma kafin in koma gida ina so in ga ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen ruhubanawan Kirista na ƙasar Fotugal inda aka binne sarakuna. Wasu abokan karatuna sun ce in je Alcobaça saboda kabarin sarkin da aka ce ya naɗa gawar matarsa sarauniya, wasu kuma sun ce Batalha ya fi kyau. Yini ɗaya kawai gare ni. Wanne zan zaɓa, me zan duba idan na je, kuma labarin gawar nan gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta ƙunshi abubuwa uku: zaɓi tsakanin wurare biyu, abin da ya cancanci a tsaya a duba, da gaskiyar labarin da ya fi kowane yaɗuwa game da wurin. Shawarata ita ce kada ka zaɓa, ka je duka biyun, domin tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kimanin kilomita 20 ba, amma ka fara da Alcobaça sannan ka wuce Batalha. Ba don sauƙin hanya kawai na tsara maka haka ba. Kaburburan da ke Alcobaça wata hujja ce da wani sarki ya sa aka sassaƙa a dutse game da wanda ya cancanci gadon sarauta, na Batalha kuwa amsa ce da ɗansa ya bayar bayan an yi watsi da waccan hujjar. Wanda ya gan su a jere zai fahimci tarihin Fotugal na ƙarni na 14 fiye da wanda ya ga ɗaya kaɗai. Idan kuma dole sai ɗaya, to Alcobaça.

Asalin gidan da salon gininsa

Sarkin Fotugal na farko, Afonso Henriques, shi ne ya kafa gidan Alcobaça a shekarar 1153, shekara shida bayan ya ƙwace Santarém da Lisbon daga hannun Musulmin Andalus a 1147. Ya ba da filin ga ruhubanawan ɗarikar Sistasiyan, mabiyan Bernard na Clairvaux a Faransa, kuma kyautar ba ƙarama ba ce, ta kai kimanin hekta 44,000. Dalilin sarkin ya haɗa addini da siyasa. Ƙasa ce da aka ci da yaƙi, tana bukatar masu zama da masu noma, kuma 'yan wannan ɗarika sun shahara wajen sare daji, jan ruwa da dasa itatuwa. Har yau yankin sananne ne da tuffa da sauran 'ya'yan itatuwa. Ban da haka, sabon sarki da ke neman Paparoma ya amince da sarautarsa yana da bukatar abota da ɗarikar da muryarta ke isa Rum.

An soma ginin cocin da ake gani yanzu a 1178, ruhubanawan suka tare a 1223, aka keɓe shi don ibada a 1252, kuma shi ne babban gini na farko a Fotugal da aka yi gaba ɗaya da salon Gotik. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1989. Gargaɗi na farko da nake yi wa ɗaliban da nake rakawa shi ne kada fuskar ginin ta ruɗe su, domin hasumiyoyi biyun da adon da ke gaba an ƙara su ne a farkon ƙarni na 18. Babbar ƙofa mai tsini da zagayayyar tagar da ke samanta suna cikin ɗan abin da ya rage daga fuskar asali. Sai ka shiga ciki za ka ga ainihin ginin.

Salon Gotik dabara ce ta ɗaukar nauyin rufi. Maimakon a ɗora rufin dutse a kan katanga mai kauri, sai a haɗa bakuna masu tsini su gitta juna a sama, nauyin ya bi ta kansu ya sauka a kan ginshiƙai, katanga kuma ta sami damar yin tsawo da ɗaukar tagogi. Idan ka taɓa ɗaga kai a tsohon masallacin Juma'a na Zariya ka ga yadda Babban Gwani ya haɗa bakan gizo suka riƙe rufin soro, to ka riga ka san tushen dabarar, sai dai shi da ƙasa da azara ya yi, su kuma da sassaƙaƙƙen dutse. Tsawon cocin Alcobaça ya haura mita 100, tsayin rufinsa kuwa kimanin mita 20 ne, amma saboda zauren tsakiya siriri ne kuma zaurukan gefe sun kusa kai shi tsayi, ido yana ganin ya fi haka. Ba za ka ga zane a bango ko gilashi mai launi ba. Da gangan aka yi hakan, domin Bernard yana ganin ado yana ɗauke hankalin mai ibada. Ina ba ka shawara ka tsaya a bakin ƙofa na ɗan lokaci kafin ka taka, saboda daga nan ne kaɗai ake ganin jerin ginshiƙan a miƙe har ƙarshe.

Pedro da Inês: abin da ya tabbata da abin da aka ƙara

Inês de Castro 'yar wani babban gida ce daga Galisiya, a arewa maso yammacin Sifaniya ta yau. Ta zo Fotugal a 1340 cikin tawagar Constança Manuel, amaryar yarima Pedro mai jiran gado. Pedro ya kamu da sonta, kuma bayan rasuwar Constança ya zauna da ita a fili, suka sami 'ya'ya, uku daga cikinsu suka rayu: João, Dinis da Beatriz. Mahaifinsa, Sarki Afonso na Huɗu, da fadawansa sun ga haɗari biyu. Na farko, 'yan'uwan Inês maza suna da hannu dumu-dumu a rikicin sarautar Kastil, masarautar da ke maƙwabtaka da Fotugal a cikin Sifaniya ta yau, kuma ana tsoron su ja Pedro cikinsa. Na biyu, Fernando, ɗan Constança kuma halattaccen magaji, yana iya rasa matsayinsa ga 'ya'yan Inês. A ranar 7 ga Janairun 1355 aka kashe ta a Coimbra da izinin sarki. Pedro ya yi wa mahaifinsa tawaye, aka sasanta su a cikin shekarar, sannan ya hau gadon sarauta a 1357.

Abin da ya biyo baya shi ne ya haifi kaburburan. A 1360, a garin Cantanhede, Pedro ya rantse a gaban shaidu cewa ya auri Inês a asirce tun kafin a kashe ta. Ya sa aka maido masa da biyu daga cikin mutum ukun da ake zargi da kisan, Pêro Coelho da Álvaro Gonçalves, daga Kastil inda suka gudu, aka kashe su a Santarém, kuma marubucin tarihin fada Fernão Lopes ya rubuta cewa an ciro zukatansu. Na ukun, Diogo Lopes Pacheco, ya tsere. Daga nan aka tono gawar Inês daga Coimbra aka kawo ta Alcobaça da gagarumin jerin gwano.

Game da cewa an zaunar da gawar a kan karaga, aka sa mata kambi, aka tilasta wa fadawa sumbatar hannunta, wannan ba ya cikin rubutun Fernão Lopes, wanda ya fi kowa kusa da zamanin kuma ba ya ɓoye tsananin Pedro. Mutumin da ya ba da labarin ciro zukata da wuya ya tsallake naɗin gawa da ya faru. Labarin ya bayyana ne a wasannin kwaikwayo na ƙarni na 16, kimanin shekara 200 bayan rasuwarta. A ganina tushensa yana nan a gabanka a cikin cocin: siffar Inês da aka sassaƙa a kan murfin kabarinta tana sanye da kambin sarauniya, alhali ba ta taɓa yin sarauta ba tana raye. Wato an naɗa ta bayan mutuwa, amma a dutse.

Wannan kambin shi ne mabuɗin fahimtar wurin. Mutane suna zuwa da labarin soyayya a ransu, kuma ban musa cewa akwai so da baƙin ciki a ciki ba, amma sarkin da ya kawo gawar mace gidan da aka binne kakanninsa sarakuna, Afonso na Biyu da Afonso na Uku, ya kuma sa mata kambi, yana faɗa wa ƙasa ne cewa matarsa ce ta sunna kuma 'ya'yanta halattattu ne.

Yadda za ka karanta kaburburan biyu

Kaburburan akwatunan farin dutse ne manya, suna ɓangarori biyu na cocin inda ginin ya buɗe hagu da dama kamar gicciye. Fara da na Inês. Dubi abin da ke ɗauke da shi daga ƙasa: halittu shida masu jikin dabba da fuskar mutum, waɗanda mutane da yawa ke cewa makasanta ake nufi da su. A gefunansa an jera labarin rayuwar Annabi Isa, alaihis salam, yadda Kirista suke ba da shi. A wajen ƙafafu kuwa akwai Ranar Hisabi, kuma a nan nake so ka daɗe. Za ka ga matattu suna ture murafen kaburbura suna fitowa, hanya ɗaya ta yi sama da waɗanda suka tsira, ɗaya ta gangara zuwa bakin wata dabba mai haɗiye waɗanda suka taɓe. Mutanen da ke ciki ƙanana ne ƙwarai, amma kowanne da yanayin fuskarsa da motsin jikinsa. Macen da aka kashe ba tare da shari'a ba, an sa shari'ar ƙarshe a ƙafafunta, kuma da wuya a ce hakan ya zo ne bisa katari.

Kabarin Pedro zakuna ne ke ɗauke da shi, gefunansa kuma suna ba da labarin Bartolomi, waliyyin da ya riƙa a matsayin majiɓincinsa. Abin da ya fi muhimmanci yana wajen kai: wata da'ira mai zobe biyu, na waje mai gida 12, na ciki mai gida 6, wadda ke nuna juyin rayuwa da juyin sa'a. A cikin gidajen an sassaƙa al'amuran rayuwarsu, har da inda suke wasan dara na Turawa, da kisan Inês, sannan a can ƙasa mutum kwance cikin likkafani. A ƙarƙashinsa akwai gajeren rubutu da aka fi karantawa da ma'anar "har ƙarshen duniya". A zamanin da kusan duk sassaƙar kabari labarin addini ce, sarki ya sa tarihin gidansa da kisan da mahaifinsa ya yi umarni da shi a kan kabarinsa, wannan abu ne da ba a saba gani ba a Turai ta wancan lokaci. Ka durƙusa ka duba, domin daga tsaye ba a ganin ƙananan gidajen sosai. Na lura yawancin maziyarta suna ɗaukar hoton siffofin da ke kwance a sama, da mala'iku kewaye da su da karnuka a ƙafafunsu, su wuce, alhali aikin gwanintar yana ƙasa.

Za a faɗa maka cewa an ajiye su ƙafa da ƙafa ne domin idan aka tashe su ranar ƙiyama fuskar juna za su fara gani. Magana ce mai daɗin ji, amma wannan tsarin na 1956 ne. Da farko gefe da gefe suke a ɓangare ɗaya na cocin. Ramuka da karaya da za ka gani a jikin dutsen kuwa aikin sojojin Faransa ne na zamanin Napoleon, waɗanda suka fasa kaburburan suna neman dukiya a mamayar 1810 zuwa 1811.

Sauran gidan ba ya bukatar dogon bayani. Tsakar gida mai baranda kewaye an gina ta ne a zamanin Sarki Dinis, daga 1308 zuwa 1311. Ɗakin cin abinci yana da mumbari a jikin bango inda ɗaya ke karatu sauran suna ci shiru. Ɗakin girki na ƙarni na 18 yana da bututun hayaƙi mai tsayin kusan mita 18 a kan ginshiƙan ƙarfe, kuma an jawo ruwa daga kogin Alcoa ya ratsa ta ciki. A zauren sarakuna akwai wata ƙatuwar tukunya da ake cewa ganima ce daga sojojin Kastil a yaƙin Aljubarrota, ita ce kuma za ta haɗa ka da zango na biyu. Ba ruhubanawa a gidan yanzu, tun da gwamnati ta rushe ɗarikun a 1834.

Dalilin wucewa Batalha

Pedro ya rasu a 1367, Fernando ya gaje shi ya kuma rasu a 1383 ba ɗa namiji, 'yarsa ɗaya ta halal tana auren sarkin Kastil. Fotugal ta shiga rikicin gado. A taron majalisar ƙasa da aka yi a Coimbra a 1385, masanin shari'a João das Regras ya tsaya ya rushe da'awar auren Pedro da Inês, domin ya fitar da 'ya'yanta daga layin gado. Wanda aka naɗa shi ne João, shugaban dakarun Avis, wani ɗan Pedro da ya haifa da wata mace dabam ba tare da aure ba. Ka ga ke nan hujjar da aka sassaƙa a Alcobaça ba ta yi shekara 25 ba aka kayar da ita, kuma ɗan mai hujjar ne ya ci moriyar faɗuwarta.

A ranar 14 ga Agustan 1385, sabon sarkin da sarkin yaƙinsa Nuno Álvares Pereira, da taimakon maharban Ingila, suka karya rundunar Kastil a Aljubarrota, a yankin da za ka ratsa tsakanin garuruwan biyu. João ya cika alwashin da ya ɗauka ya gina gidan Batalha, ya ba 'yan ɗarikar Dominikan. Sarkin da ake iya yi wa gorin asali yana bukatar ginin da zai rufe bakin masu gori, shi ya sa duk abin da aka hana a Alcobaça aka zuba shi a nan: tsinaye, sassaƙa kamar saƙar hannu, gilasai masu launi, da rufi mai tsayin mita 32. Magini Afonso Domingues ne ya fara aikin, Huguet ya karɓa a 1402. UNESCO ta sa shi cikin jerinta a 1983.

Da shigarka, a hannun dama, akwai ɗakin wanda ya kafa gidan. A tsakiya João na Ɗaya, wanda ya rasu a 1433, da matarsa Philippa ta Lancaster, 'yar gidan sarautar Ingila wadda ta rasu a 1415, suna kwance a kabari guda hannunsu na dama riƙe da juna, 'ya'yansu kuma a jere a jikin bango. Saƙon a fili yake: aure na sarari, 'ya'ya na halal, da ƙawance da Ingila wanda aka ƙulla a yarjejeniyar Windsor ta 1386.

A matsayinka na ɗan Afirka ta Yamma, wannan ɗakin ya shafe ka fiye da yadda allunan bayani za su nuna maka. Wannan sarkin da 'ya'yansa ne suka ci Sabta a gaɓar Maroko a 1415. Cikin kaburburan bango akwai na ɗansa Fernando, wanda aka bari jingina bayan an ci su da yaƙi a Tanja a 1437, ya mutu a tsare a Fas a 1443. Akwai na wani ɗansa, Henrique, wanda ya rasu a 1460, mai ɗaukar nauyin jiragen da suka bi gaɓar Afirka, kuma yana wurin a 1444 lokacin da aka raba bayi 235 da aka kamo daga Afirka a garin Lagos na kudancin Fotugal, ya karɓi kasonsa. Akwai kuma na João na Biyu, sarkin da ya zo daga baya a zuriyarsu, wanda a zamaninsa aka gina ganuwar Elmina a 1482, a ƙasar Gana ta yau. Ina ganin ya dace mutum ya yaba aikin maginan ba tare da ya manta abin da masu kaburburan suka fara ba.

Kafin ka fita ka ga abu biyu. Zauren taron ruhubanawa yana da rufin dutse mai faɗin kimanin mita 19 kowane gefe ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, kuma a ciki ne aka binne sojoji biyu da ba a san sunansu ba daga Yaƙin Duniya na Farko, da masu gadi a tsaye. Sai ɗakunan da ba a gama ba a bayan cocin, waɗanda Sarki Duarte, ɗan João na Ɗaya kuma magajinsa, ya fara don kabarinsa. Ya rasu a 1438, aka ci gaba da aikin jefi-jefi, daga baya hankalin sarakuna ya koma Lisbon, aka bar wurin ba rufi har yau. Ta waje ake shiga, shi ya sa wasu ke tafiya ba su gan su ba.

Tsarin tafiya

Alcobaça tana kimanin kilomita 120 arewa da Lisbon, kuma motocin safa na Rede Expressos suna tashi daga tashar Sete Rios, tafiyar kusan awa biyu. Ka hau motar farko ta safe, ka ba Alcobaça awa biyu, ka ba Batalha awa ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan ka koma Lisbon daga can. Matsalar tana tsakanin garuruwan biyu ne, domin motocin ba su da yawa, balle a ƙarshen mako, don haka ranar aiki ta fi, kuma ka tanadi kuɗin tasi ko da za ka rasa mota. Lokutan buɗewa da kuɗin shiga suna canzawa, sai ka duba su a shafin kowane gida kwana ɗaya kafin tafiya, ka kuma tafi da katin ɗalibta.

Cocin biyun har yanzu ana ibada a cikinsu. Idan ka tarar ana yi, ka jira a gama. Al'adarsu ita ce namiji ya cire hula a ciki, a kuma rage murya. Hukuncin shiga coci ko ziyarar kabarin wanda ba Musulmi ba kuwa ba fannina ba ne, ni tarihin gini na karanta, idan kana da shakka ka tambayi malamin da ka amince da shi kafin ka sayi tikiti. Babban masallacin Lisbon bai da nisa da tashar Sete Rios, amma azahar da la'asar za su same ka a hanya, sai ka tafi da shirinka. Wajen abinci ka yi hattara da abu biyu da garin Alcobaça ke alfahari da su: kazar da ake dafawa a tukunyar ƙasa, wadda ake sa mata naman alade da giya, da ginja, wadda giya ce ta 'ya'yan itace. Gasasshen kifi ya fi maka sauƙi, kuma yana samuwa sosai tunda garin masunta na Nazaré yana kusa. Idan lokacin sanyi za ka je ka ɗauki rigar sanyi mai kauri, domin cikin ginin dutsen ya fi waje sanyi kuma rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe biyar da rabi, abin da ke nufin ya kamata ka isa Batalha kafin ƙarfe biyu.